Barkonon da Sadiq Ya Yaba

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki, ya Alhaji da yara? Ya kuma ƙarin haƙurinmu?

Ranar Asabar na kai Hadiza gidan abincin 'yan Mexico na unguwar Camberwell, wanda ɗanmu marigayi Sadiq ya sha rantsewa girkinsu na asali ne. Tun rasuwarsa ba ta yi dariya ba.

Ni da ban taɓa taka Mexico ba na zauna alƙalanci. Gurasar masarar da suke naɗe nama a ciki, na ce waina ce da aka hana ta tashi. Na zaro yajina daga aljihu, sai mai kawo abincin ya roƙe ni in fara gwada nasu.

Hadiza ta ce, "Dakta, bi a hankali."

Na ce, "Bakano ne ni." Na cika cokali.

Yaya, sai da na cire hula. Hawaye suka ɓalle mini, Hadiza tana dariya har da riƙe ciki. Na yanke hukunci cewa Sadiq ya yi gaskiya. Ban dai gaya mata ba cewa zafin ya daɗe da wucewa kafin hawayen su tsaya.

A ci gaba da sa shi a addu'a. Ki gaishe mini da Inna.

Ƙaninki,
Kabiru