Fijon Zacchaeus

Lahadi, 21 ga Mayu, 1989

Maman Edward ta aiko a kira ni bayan sun taso daga coci. Na ɗauka maganar fanshon marigayi mijinta ce, ashe mota ce. Ta yanke shawarar komawa garinsu can wajen Bogoro da zarar yara sun yi hutun ƙarshen Yuli, kuma Fijon Zacchaeus ba ta motsi balle ta bi su. "Malam Kashim, kai ne abokinsa, kai na fara tunawa." Wato ni aka fara tunawa da wahala.

Fijo 404, fara a da. Tun rasuwarsa tana gindin darbejiya a gidan da suke haya. Tayoyi sun lotse cikin ƙasa, kaji na yin ƙwai a kujerar baya. Mun sha zagaya rugage a cikinta ni da shi muna yi wa shanu allura, daga Gadau har Disina, lokacin da muke ofishin dabbobi tare. Amma a lokacin mota ce.

Na ce zan duba. Me ya kai bakina?

Litinin, 22 ga Mayu

Na gaya wa matata, Ya Fanna. Ta ɗaga kai ta kalli rufin ɗakin yara inda yake yoyo, ta ci gaba da tsince shinkafarta. Gara ma a ce ta yi faɗa.

Asabar, 27 ga Mayu

Na kai Hammadu bakanike ya gani. Ya buɗe bonet, ɓera ya yi tsalle ya fita, yaran gidan suka bi shi da ihu. Ya sa sufana ya yi ta ƙoƙarin juya injin, ya ƙi. Ya ce ya daskare. Lagireto ya huje, wayoyi ɓeraye sun ci rabi, birki babu labari. Ya kwanta ƙarƙashi ya daɗe, ya fito yana kakkaɓe riga, wai ƙashin motar lafiya lau, tsatsa ba ta ci ba.

Na ce to, a saya ko kada a saya? Sai ya ce, "Malam, in kana da haƙuri mota ce, in ba ka da shi kuwa akurki ne." Na ce ba karin magana na zo ji ba, nawa za ta ci? Ya ce sai an buɗe inji. Na ce a buɗe. Ya ce ba ya buɗe injin motar da ba a saya ba, in ya buɗe aka fasa wa zai biya shi?

Ga ta nan. Ba za a san ko ta cancanci saye ba sai an saya.

Talata, 30 ga Mayu

Babur ya mace mini tsakanin Gadau da garinmu Azare, da akwatin magani a baya. Na tura shi har na fara ganin duhu-duhu. Duk hanyar Fijon nake tunani. Shaiɗan ne.

Alhamis, 1 ga Yuni

An yi ruwa da asuba. Kwano uku muka tara a ɗakin yara, katifar Zuliha ta jiƙe. Kuɗin da na yi shekara ina tarawa na kwanon rufi ne, kowa a gidan nan ya sani, har maƙwabta sun sani.

Lahadi, 4 ga Yuni

Na koma na tambayi Maman Edward farashi. Ta ce in faɗa da kaina. Na ce ai mai kaya ke sa suna. Ta ce ita ba ta san kuɗin mota ba, abin da na ga ya dace. Wannan ita ce muguntar da ta fi kowace. In na taya da arha na cuci marayu, in na taya da tsada na cuci 'ya'yana. Da baƙo ne sai mu yi ciniki mu zagi juna mu rabu lafiya.

Ta kawo mini kunu. Ta rame ƙwarai. Ɗinkin da take yi bai fi cefane ba, kuma mai gidan ya fara maganar yana son ɗakunansa.

Laraba, 7 ga Yuni

A majalisa kowa ya zama injiniya. Wani ya ce 404 ba ta mutuwa, ko a rijiya aka tsamo ta sai ta tashi. Wani ya ce ƙanin matarsa ya sayi irinta, har yau a kan duwatsu take, matar ma ta tafi. Alhaji Maigida mai shagon kayan gyara ya ce da wannan tsadar da ake ciki, abin da ka taya da safe ba shi za ka biya da yamma ba. Shi da ke sayarwa ke nan.

Na tashi ban ƙarasa shayina ba.

Asabar, 10 ga Yuni

Na ɗauko wani bakanike daga tasha ba da sanin Hammadu ba. Wannan ko bonet bai gama buɗewa ba ya ce sati biyu zai tayar da ita, in dai na ba shi kafin alƙalami yau. Na sallame shi da kuɗin goro. Wanda ya ce sati biyu ya fi wanda ya ce akurki ba ni tsoro.

Litinin, 12 ga Yuni

Hammadu ya ji. Azare ke nan. Ya gaishe ni kamar an sa shi dole.

Lahadi, 18 ga Yuni

Ɗanboyi, ƙanin marigayi, ya zo daga Bauchi. Ya zo da mai sayen gwangwan, wai a fasa a auna a huta. Abin da mutumin ya taya ko kuɗin motar da za ta kwashe musu kaya bai kai ba. Ɗanboyi ya ce da babu gara ba daɗi. Ya juyo kaina, "Malam, in za ka saya ka saya, in ba za ka saya ba ka daina ja mana rai. Wata guda kana dubawa kamar mai neman aure."

Raina ya ɓaci, amma gaskiya ya faɗa. Maman Edward na tsaye bakin ƙofa, ta ce a ba ta kwana biyu. Da mai gwangwan ya buga ƙofar motar da ƙafa don ya ji kaurin ƙarfen, sai ta shige ɗaki.

Talata, 20 ga Yuni

Mun yi magana da Ya Fanna sosai yau. Ta ce, "Baban Zuliha, ni ban ƙi mota ba. Na gaji da mu hau babur kamar kayan miya. Amma wannan ba mota kake son saya ba, abokinka kake son tayarwa, shi kuwa ya riga ya tafi." Na ce ba haka ba ne. Ta ce to.

Wannan "to" ɗin nata.

Laraba, 21 ga Yuni

Na zauna na yi lissafi da hankali, ba da zuciya ba. Inji, tayoyi, batir, lagireto, wayoyi, fenti. Ko kyauta aka ba ni sai ta cinye kuɗin rufi ta nemi ƙari. Ba ta cancanta ba. Shi ke nan, na gama.

Alhamis, 22 ga Yuni

Na je na gaya mata. Na yi ta kewaye-kewaye, ita ce ma ta taimake ni, ta ce, "Ba za ka iya ba ko? Ba komai, Malam Kashim, kai ma kana da iyali." Ko a fuska ba ta nuna ba. Da ta nuna da na fi samun sauƙi.

Don kada in fito hannu rabbana sai na ce kada ta ba mai gwangwan. In aka sayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, giyabos daban, ƙofofi daban, fitilu daban, za a sami ninkin abin da ya taya. Na ce ni zan tsaya a kai. Ta ce mai gida ba zai yarda a mayar masa da gida gareji ba. Na ce a kawo ta ƙofar gidana.

Bakin nan nawa shi zai kashe ni.

Asabar, 24 ga Yuni

An kawo ta. Hammadu ya huce, ya ara mana tsofaffin tayoyi, muka ɗaura igiya a bayan wata akori-kura. Ni ke riƙe da sitiyari, babu birki, unguwa kaf ta fito kallo. A kwanar masallaci saura kaɗan in hau mai rake. Ya Fanna ta leƙo ta ga abin da aka ajiye mata a ƙofa, ta ce, "Sannu da fasa saye."

Talata, 27 ga Yuni

Hammadu ya ce in zuba baƙin mai da kananzir ta ramin fulogi in bar shi ya jiƙa. Inji mai juyawa ya fi daskararre daraja wajen masu saye. Na zuba. Don masu saye.

Juma'a, 30 ga Yuni

Wani direba, Talha, mai zuwa Katagum da fasinja, ya zo neman ƙofofin gaba da giyabos. Ya taya da mutunci, ba laifi. Amma da ya fara girgiza ƙofar yana cewa a kawo guduma a fitar da ƙusar, sai na ji kaina ina cewa akwai wanda ya riga shi magana. Babu kowa. Ban san dalilin da ya sa na faɗi haka ba. Mutumin ne bai kwanta mini ba, yana da rawar kai.

Laraba, 5 ga Yuli

Wani ya zo neman fitilu. Na tsuga masa kuɗi, ya tafi yana zagi.

Lahadi, 9 ga Yuli

Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yara sun dawo ɗakinmu da kwana. Sallah ta matso, rago bai samu ba tukuna, ga Maman Edward ta aiko Edward ya tambaya ko an sayar da wani abu. Na ce a ce mata ana kan ciniki. Kowa jirana yake yi, ni kuma ban san me nake jira ba.

Asabar, 15 ga Yuli

Sallah ta wuce lafiya, da ɗan ƙaramin rago. Mun aika wa su Maman Edward cinya kamar yadda muka saba.

Bayan la'asar, don dai zaman banza, na sa sufana a injin na danna. Shiru. Na taka da ƙafa na ɗora nauyina duka. Sai ya yi wani ƙara, ya motsa. Kaɗan, kamar faɗin yatsa. Na sake, ya zagaya. Na tsaya ina haki kamar wanda ya kayar da bijimi. Na aika a kira Hammadu, ya zo da maiƙon nama a baki, ya juya da kansa, ya ce, "Af." Na ce af me? Ya ce har yanzu sai an buɗe. Mutumin nan ba zai taɓa ba ka magana guda ba.

Alhamis, 20 ga Yuli

Talha ya dawo, ya ƙara kuɗi. Na ce Ya Fanna ta ce masa ba na nan. Ta ce ita ba ta ƙarya da rana tsaka. Na fita na ce masa an sayar.

Da na shigo ta ce, "Wa ya saya?" Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce ɗakin yara dai a sake masa rufi kafin Agusta, ɗakinmu da zaure su jira baɗi, ita ta iya tara kwano. Ban tambaye ta komai ba, ita ta faɗa.

Juma'a, 28 ga Yuli

Gobe su Maman Edward za su tashi. Ta zo sallama da yamma, ta shiga wajen Ya Fanna suka daɗe, na ji suna kuka suna dariya. Da ta fito na miƙa mata kuɗi a ƙunshe, na ce na giyabos ne da ƙofofi da fitilu da sauran tarkace.

Ta kalli kuɗin, ta juya ta kalli motar. Ƙofofi huɗu suna nan, fitilu suna nan, har na wanke gilashin.

"Malam Kashim, wa ya saya?"

Na ce wani mutum ne, bai zo ɗauka ba tukuna.

Ta yi dariya har ta dafa bango. Rabon da in ji dariyarta tun Zacchaeus na da rai. Ta ce, "To ka gaya wa mutumin, giya ta biyu tana fita da kanta, sai an riƙe ta da hannu. Baban Edward bai taɓa gaya wa kowa ba." Ta zagaya motar, ta ɗora tafin hannu a kan bonet, ta ce Allah ya ba mutumin haƙuri. Na ce amin, yana bukata.

Lahadi, 30 ga Yuli

Sun isa lafiya, direban ya dawo da saƙo.

Kafinta ya fara ɗakin yara. Kwanon da ya samu na ɗaki ɗaya ne cif, babu ragi.

Hammadu ya buɗe inji. Ringi sun tafi, fistin ɗaya ya tsage, sauran da dama-dama. Ya ce da sauƙi, ya kuma ce da aiki. Alhaji Maigida zai je Kano ranar Laraba, na ce ya tambayo mini farashi kawai. Har yanzu ina nan kan bakana, motar nan ba ta cancanci saye ba, duk wanda ya tambaye ni haka zan gaya masa.

Ban je majalisa ba yau, jiya ma haka. Farcena duk baƙin mai, sabulu ya ƙi fitar da shi. Gobe in na taso aiki zan sauke tankin fetur in wanke. Don dai kada ya ƙara lalacewa ne.