Karen da Ya Cije Ni a Malali

Assalamu alaikum Baba,

Na san ba za ka karanta wannan ba. Amma ban iya faɗa wa Mama ba tukuna, kuma abin ya yi mini nauyi a ƙirji.

Na gama karatun jinyar dabbobi, Baba. Wata biyu ke nan da na fara aiki a wani ƙaramin asibitin dabbobi a Malali. Raguna da awaki na zata zan riƙa dubawa, irin waɗanda ka kiwata a bayan gidanmu na Unguwar Shanu. Ashe karnukan masu gidaje sun fi yawa.

Ranar Litinin wani Alhaji ya kawo karensa, yana dalala, idanunsa sun yi ja. Likita ya ce in sa masa takunkumi. Ban ɗaure da kyau ba. Ya juyo ya kama ni a babban yatsa, haƙorinsa ya huda safar hannu. Na tsaya a bakin famfo ina wankewa da sabulu, kumfa na sauka ja. Ran nan aka yi mini allurar rigakafi ta farko. Karen ya mutu washegari, aka kai kansa gwaji. Jiya sakamako ya zo: ciwon haukan kare ne.

Na san ciwon nan, na rubuta jarrabawa a kansa. In alamunsa suka bayyana, babu magani. Likita ya ce tunda na fara allura da wuri, in kwantar da hankalina. Ta yaya? Duk lokacin da na ɗauki kofin ruwa sai na tsaya in ji ko maƙogwarona zai ƙi, don mai ciwon ba ya iya haɗiyar ruwa.

Da na kira Alhajin, sai ya ce ai karen ya ciji maigadinsa ma, Malam Idi, kwana shida da suka wuce. Na hau keke napep zuwa Rafin Guza, ina tambaya lungu lungu har na same shi. Dattijo ne, sa'anka. Ya shafa garin magani a ƙafar da karen ya ciza, ya ce ya warke, ba ya son asibiti.

Haka ka ce, Baba, lokacin da gyambon ƙafarka ya ƙi warkewa. Ka tuna? Ina ajin ƙarshe, na ga naman ya fara baƙi, na gane abin da nake gani. Na yi shiru, don kada a ce yarinya tana musu da ubanta. Da na yi maka kuka tun a makon farko, da ka je? Wannan tambayar ba ta bar ni ba. Ka yafe mini.

Malam Idi kuwa ban bar shi ba. Na kwance bandejina na nuna masa yatsana. Na zauna a dakalin ƙofar gidansa na ce ba inda zan je. Har aka kira la'asar ina nan, maƙwabta suna kallona. Da ya dawo daga masallaci, ya sa hularsa ya biyo ni.

Ban san ko mun makara da shi ba. Likitan da ya yi masa allurar ma bai ce komai ba, ya dai rubuta ranar dawowa. Ranar Litinin ce, tare da tawa. In bai zo ba, zan koma in ɗauko shi.

Yau bayan azahar zan faɗa wa Mama.

Allah Ya haskaka kabarinka, Baba. Sai mun zo.

'Yarka,
Hauwa'u