Karar da Ta Tsare Ni a Zaure

Zuwa ga maigidana Sani, na ƙasar Ayilan,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya sanyi, ya aiki? Ya Binta da yara? Mu nan Funtua sai godiya.

Ka ce Turawan unguwarku gudu suke yi a titi don tara kuɗin gyaran ɗakin taronsu. To, kakarka ko tafiya ta gagare ta. Masu gyaran unguwarmu sun haƙa magudanar ruwa a ƙofar gidajenmu, sun yi gaba. Masu ƙafa suna tsallakewa, ni kuwa gwiwa ta ƙi.

Matan unguwa suka yi karo-karo, kowa da tiyar masararta, aka sayar aka sayo siminti don a yi wa tsofaffi gada. Hajiya Rabi, shugabarsu, ta ce, “Iya, da ke za a fara.” Na yi kara, na ce, “Haba, a fara da maƙwabta.” Ina jira a sake roƙona kamar yadda aka saba, sai magini ya ce, “To, Iya,” ya ɗau cebur ɗinsa. Siminti ya ƙare a gidan da ke jikin nawa!

Sati uku ke nan ina leƙen duniya daga zaure. Sunan ɗan ƙanwarka Hadiza a Malumfashi ma, tuwon kawai na gani.

Ka gai da Binta, ku sa ni a addu'a sabuwar masara ta zo da wuri, a sake karo-karo. Wannan karon tun kafin a tambaye ni zan ce to.

Matarka ta fari,
Iya