Rasuwar Baba Anjili, Mai Ɗaga Waƙar Asubar Kirsimeti

Cikin alhini mai nauyi, tare da miƙa wuya ga nufin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Adana Tarihi da Tsofaffin Waƙoƙin Garkida ta sami labarin rasuwar ubanta, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Dattijon Ikilisiya kuma tsohon shugaban makarantar firamare, Malam Anjili Bata Mshelbwala, wanda Allah ya yi wa kira ranar Talata da hantsi a gidansa, Kirsimeti tana bakin ƙofa.

Baba Anjili, kamar yadda muke kiransa, shi ya bi tsofaffin matan ƙauyukan bakin kogin Hawul gida-gida har ya tattaro mana waƙoƙin Kirsimeti na harshen Bura da suka kusa ɓacewa. Duk watan Disamba yakan tara mu da yamma a harabar majami'a ya koya mana su, ya haɗa da labaran bukukuwan da, musamman na shekarar da jakin wasan haihuwar Almasihu ya zabura da yarinyar da ta fito a Maryamu, bai tsaya ba sai tsakiyar kasuwa. Idan muka ɓata murya, sai ya toshe kunne ya ce ko awakin da aka hana dusa sun fi mu daɗin sauraro, sannan ya sa a raba mana cincin don kada mu yi fushi.

Kowa a garin nan ya san daga inda zagayen waƙar asubar Kirsimeti yake tashi. Baba yakan fito waje ya tsaya tare da mu a ƙofar gidansa ya ɗaga baitin farko, maiɗakinsa, Mama Kubili, ta amsa masa daga ciki, sai sauran mawaƙa su ɗauka a shiga gari. Abin ya samo asali tun yana saurayi, ranar da ya tsaya a bayan zanan gidan mahaifinta ya rera, ita kuma ta amsa ba tare da ta leƙo ba. Shi yakan ce muryarsa ce ta sace mata zuciya, ita kuma ta ce ƙarya yake, ta amsa ne don ya tafi kafin ya tada mata uba daga barci. Har ya koma ga Mahaliccinsa ba su daidaita a kan wannan magana ba.

Ba za mu ɓoye ba, rasuwar ta raba kan ƙungiya. Wasu iyayenmu sun ce ba a kai waƙar murna ƙofar gidan makoki, a tsallake gidan bana. Mu matasa kuma muka ga idan ba daga can aka tashi ba, babu mai ƙarfin zuciyar buɗe baki, gara a fasa zagayen ɗungurungum. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Shugaban Ƙungiya, Dattijo Thlama Wakawa, ya je da kansa ya durƙusa gaban Mama Kubili, ya tambaye ta ko za ta yarda wani ya ɗaga baitin a madadin marigayi. Ta kalli ƙofa ta ce:

"Thlama, ku zo kamar kullum. Amma kada wanda ya taɓa masa baitinsa. Ku yi shiru iya tsawonsa, ni na san inda zan shiga."

Saboda haka muna sanar da jama'a cewa zagayen bana yana nan, kuma daga ƙofar gidan Baba zai tashi. Muna roƙon duk wanda zai zo, babba da yaro, ya riƙe wannan shirun da mutunci har Mama ta amsa.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Mama Kubili, da 'ya'ya da jikoki, da ɗaukacin zuriyar Mshelbwala. Ubangiji Mai Ta'aziyya ya ba su jimiri, ya ba bawansa hutawa, ya kuma riƙe wa Mamanmu muryarta a wannan asubar.

Hyeladzira Malgwi
Mai Magana da Yawun Reshen Matasa
A madadin Shugaba da Dattawan Ƙungiya