Takalman da Ka Tuɓe a Ƙofar Indiyawa

Ƙanina Lawal,

Gaisuwa mai yawa. Ya sanyin Ingila, ya karatun likitan dabbobi? Mu nan Kankia kowa lafiya.

Wasiƙarka ta iso ina Kusada, sai Baffa ya ba malamin firamare ya karanta masa a zaure, gaban mutane. Kowa ya ji labarin tsohon gidan gonar attajirin Baturen da Indiyawa suka mayar ɗakin bautarsu, da yadda suka kira ka duba saniyarsu. Har dariya Baffa ya yi. Da aka zo inda ka ce ka tuɓe takalmi kafin ka shiga, sai ya karɓe takardar, ya ce, "Masallaci da gaban manya kaɗai na koya masa tuɓe takalmi. Wa ya tarar a ciki?"

Yau kwana uku bai zauna a zaure ba. Na ce tsabta ce kawai, ya ce ai ban je ba.

Ka rubuto wa Baffa da ajami, ya karanta da kansa, ka faɗi abin da ka yi a ciki. Ka sa mu a addu'a. Inna na gaishe ka, ita ba ta ji ba tukuna.

Yayanka,
Sule