Shaidar da Lutfi Ya Bayar

Ɗan'uwana Lutfi,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Rauda da yara? Ni ina gidan tsohuwata a garin Gafsa, inda ba teku ba warin kifi. Amma da na rufe ido sai in ga yarinyar nan mai jan takalmi da muka ciro daga ragar masunta.

Hukuma ta ce gudun aiki na yi. Lauya ya ce idan aka tabbatar manya sun san halin da nake ciki, suka ci gaba da tura ni kwasar gawarwakin masu ƙetare teku, to alhakin ciwona yana wuyansu. Ba ni da takardar likita, ka kuwa san dalili. Ranar da na ce zan je asibiti, kai ka ja ni gidan wanka kamar yadda muka saba bayan kowace kwasa, ka saya mini lablabi, romon waken nan mai zafi, ka ce, "Ɗan sanda a wurin likitan ƙwaƙwalwa? So kake a karɓe bindigarka, a ce Munsif ya zautu? Ci, ni zan yi wa shugaba magana." A gabana ka yi masa.

Kwamitin binciken maganata zai kira ka. Abin da ka gani kawai za ka faɗa.

Naka,
Munsif

Zuwa ga Si Munsif,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, ina fatan jiki da sauƙi.

Na bayyana gaban kwamiti. Sun tambaye ni ko ka taɓa kai kuka a hukumance, na ce a'a. Wannan ai gaskiya ne. Sauran ba su tambaya ba. Shugaba yana zaune a wurin, ni kuma ina da yara, ka fahimce ni. Ka dage da addu'a, ka rage tunani. A gaida Hajiya.

Lutfi

Lutfi,

Salam. Yau kuma ni ne "Si Munsif", da lakabin girmamawa kamar baƙo? Madalla.

Hukunci ya fito: ba wanda ya san ina da ciwo, don haka ba a ɗora wa kowa alhaki ba, kuma sun kore ni. Korar ba ta ƙona mini rai kamar "ba su tambaya ba" ɗin nan naka ba. Kai ka riƙe mini kai ina amai a bayan mota. Wallahi ka ci amanata.

Rauda ta kira matata tana kuka. Ta ce ka hana yara zuwa bakin ruwa, ranar Juma'a kuma ka kifar da tiren kifi a gaban baƙi, ka fita ka bar su.

Kada ka je gidan wanka, ka je asibiti, ka karɓi takarda. In ranar kwamitinka ta zo, ka ba su sunana. Zan faɗi duk abin da na gani, ko ba su tambaya ba.

Ka huta lafiya,
Munsif