Murhun Zarami da Irin Maiwar Baba

Unguwar Bolewa, Potiskum.

Zuwa ga ƙanena Zarami,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, ya karatu, ya zafin Kano? Yarana suna gaishe ka.

Ka dame ni in ba ka labarin murhun da ka gina wa Inna a Danchuwa, mai bututun fitar da hayaƙi. To injiniya, murhunka ya yi aiki. Itacen da a da ba ya kai mako yanzu sai ya haura biyu, tarin Inna ya lafa, idonta ya daina ruwa. Har maƙwabta suna zuwa kallo.

Amma da hadari ya fara haɗowa, na je taya ta sauke irin maiwar marigayi Baba, zangarniyoyin nan da take ratayewa a jinkar madafa kowace kaka. Ina taɓa ta farko sai gari ya zubo mini a hannu. Ƙwari sun cinye su. Ashe hayaƙin da muke tsinewa shi ke korar ƙwari, shi ya sa kakanninmu suke rataye iri a saman murhu. Ni da kai a nan muka girma, kuma ko sau ɗaya ba mu tambayi dalili ba.

Ka san ba a sayar da wannan iri a kasuwa. Baba ya gada ne, kuma irin nan kaɗai yake jure ƙasarmu idan ruwa ya ɗauke da wuri. Mun tsince abin da ya yi kama da mai rai, za mu shuka.

Yayarka,
Meram.

Zuwa ga Zarami,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya iso, na ga ka ce za ka sake fasalin bututun ya riƙa bi ta wajen iri. Dabara ce mai kyau, sai dai ta makara.

Ruwa ya sauka, mun shuka, ko tsiro ɗaya bai fito ba. Na bi Danchuwa gida gida neman irin, har wajen Malam Babayo abokin Baba, duk sun koma irin kanti tuntuni. Inna ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta sa an cire bututun, ta mayar da duwatsunta uku. Na roƙe ta har na gaji. Yanzu kullum tana zaune cikin hayaƙi tana tari, alhali babu komai a rataye a saman kanta.

Ta hana ni gaya maka. Ta ce yaro ya yi don Allah, kada a karya masa zuciya yana tsakiyar jarrabawa. Idan ka kira ta, za ta ce maka murhu yana nan lafiya. Don Allah ka nuna ka yarda.

Allah ya ba ka sa'a.

Yayarka,
Meram.